Shekara 11 ina ƙirga bugun zuciyar 'ya'yan mutane, ban taɓa sauraron tawa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma kullum sai nace sai gobe, yau dai ina hutu yara kuma sun tafi islamiyya gidan shiru, shi ne nace bari na zauna na rubuta ko akwai wata ko wani da ke cikin halin da na shiga bai ma san me ke damunsa ba.

Ni nas ce, a Kano nake aiki a ɗakin yara, 'ya'yana uku. Lokacin da abin nan ya faru shekarata 11 da fara aiki, kuma in akace na ƙirga yaran da na riƙe wa hannu ina kallon agogo ina lissafa bugun zuciyarsu wallahi bazan iya ba. Abin da na sani duk tsawon shekarun nan shi ne sau nawa take bugawa a minti, da ƙarfi take ko a raunane, tana tsallake ko bata yi, shikenan.

Abin ya faro ne bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023. Kowa ya san yadda akayi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin adaidaita daga unguwarmu zuwa wajen aiki ya ninka, kayan abinci ba'a magana, ga kuɗin makarantar yara, Abban yara kuma ɗan kasuwa ne a Kwari kasuwar ma ta yi sanyi. A wajen aiki abokan aikinmu sai tafiya suke, wannan ta samu Ingila waccan ta wuce Saudiyya, sai ki ga dare guda nas biyu ne akan ɗaki cike maƙil. Wanda ya san ɗakin yara a watan Agusta da Satumba ya san me nake nufi, maleriya ce ba ƙaƙƙautawa, wannan na jijjiga wancan jininsa ya ƙare ana neman mai bada jini da tsakar dare. Ana cikin haka wata ƙawata ta haɗa ni da wani asibitin kuɗi da ke neman nas ɗin dare sau uku a sati, na karɓa hannu bibbiyu nace ai Allah ne ya kawo mafita.

Watan farko da na biyu banji komai ba, ko ince naji na danne. Daga nan bacci ya fara gagarata, in dawo daga aikin dare idona kamar an zuba barkono in kwanta amma kaina yana ta lissafi, wa na yi wa allura wa ban yi wa ba, in ma baccin ya ɗauke ni ƙarar cokali kaɗai ta isa ta tashe ni gabana na dukan uku-uku. Baƙin shayi kofi uku huɗu nake sha a dare, wani lokacin har da na gwangwanin nan mai sa kuzari. Wuyana ya sage, ciwon kai kullum da la'asar, yarana kuwa da sun ji sallamata sai kowa ya nemi lungu saboda abu kaɗan zan hau faɗa.

Duk wannan bai tsorata ni ba kamar ranar da wani yaro ya rasu a hannuna da asuba, na rufe shi da zanin uwarsa na cike takardu, uwar tana kuka kamar ranta zai fita ni kuma abin da ke raina kawai shi ne gado ya samu, a kawo na gaba. Ni da a da sai na shiga banɗaki nayi kukana na wanke fuska sannan na fito. Bayan kamar sati biyu wata yarinya mai ɗanyen jego ta zo karo na uku tana tambayata ko ruwan da aka sa wa ɗanta yana tafiya daidai, na daka mata tsawa a gaban mutane, sai tsohuwar da ke tare da ita ta taso tace ki yi haƙuri Sista, na fari ne, bata saba ba. A wannan daren dai na tsaya da sirinji a hannu gaban gado na kasa tuna ko na riga na yi wa yaron allurar ko banyi ba. Na koma na duba fayil na kira abokiyar aikina muka tabbatar, Alhamdulillah ba abin da ya faru, amma jikina bai daina rawa ba har gari ya waye.

Kunsan me nayi washegari? Na auna bifi na, lafiya lau. Bugun zuciya 84. Sai nace wa kaina kinga lafiyarki ƙalau raki ne kawai, mata nawa ne suke aikin da ya fi naki. Umma ta sha ce min ke wai bakya hutawa ne, rai dangin goro ne fa hutu yake so, ni kuma amsata ɗaya ce, Umma to ya zanyi.

A watan Disamba ƙanina da ke aikin kwamfuta a Abuja ya zo hutu. Shi mutum ne mai son gudu, kullum da safe sai ya zaga unguwa. Muna zaune a ɗakin Umma ana hira ashe bacci ya sace ni a zaune da mayafina da jakata a cinya, da na farka yake cewa Yaya wannan ba gajiyar kwana ɗaya bace. Nace na auna komai lafiya nake. Sai yace Yaya ke da kike nas, in zuciya tana bugawa sau 60 a minti, tsakanin bugu da bugu sakan ɗaya ne cif? Nace eh mana. Yace a'a, in an raba sakan ɗaya gida dubu, wato milisakan, a mai lafiya wani zai zo a 950 wani 1040 wani 990, kullum tazarar tana ɗan canzawa, kuma wannan canjin shi ake aunawa, shi ake kira HRV, wato bambancin tazarar bugun zuciya.

Yana faɗa na tuna ai na san abin, a yara ma yafi fitowa, in kin riƙe hannun yaro mai lafiya yana bacci zaki ji in ya ja numfashi bugun ya ɗan yi sauri in ya sauke ya lafa, an koya mana a makaranta cewa wannan ba ciwo bane. Ban dai taɓa sanin ana auna shi da lamba don a gane halin da babba yake ciki ba. Yadda abin yake, akwai jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya da hanji da gumi ba tare da mutum ya sa su ba, kashi biyu ne, ɗaya kamar totur yake wanda ke zaburar da jiki in an shiga tsoro ko gaggawa, ɗayan kuma birki ne mai kwantar da jiki yasa a huta abinci ya narke, babbar jijiyarsa ita ce begas, ta goma a cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga kai. Birkin nan yana taɓa zuciya a kowane bugu, in ka ja numfashi ya ɗan saki in ka fitar ya ɗan kama, shi yasa tazarar take canzawa. In mutum ya daɗe cikin damuwa da rashin bacci sai birkin ya ja baya, zuciya ta koma bugawa bai ɗaya kamar agogon bango, kuma bifi zai iya nuna lafiya lau alhali wannan yana faruwa.

Ya ɗauko wani bel na ƙirji da yake gudu da shi, Polar H10, ya sa min manhajar Elite HRV a waya ya haɗa su ta Bluetooth. Yace da safe zan riƙa yi, bayan na tashi na kama ruwa nayi sallah, kafin shayi kafin hayaniyar yara, in ɗan jiƙa cikin bel ɗin da ruwa in ɗaura a ƙasan ƙirji, in zauna yadda na saba zama kullum ba magana ba danna waya kamar minti biyu zuwa uku. Ranar da nayi aikin dare kuma in auna bayan na tashi daga baccin rana in rubuta cewa na rana ne don kar in haɗa su. Lambar da yace in riƙa kallo ana ce mata RMSSD, ita ke nuna yawan canjin tazarar nan, in ta hau birkin yana aiki, in ta sauka ya ja baya. Ranar farko 19 ta nuna min. Nace kai naka nawa ne yace saba'in da wani abu, gabana ya faɗi, sai yace Yaya kar ki soma, ni na girme ki ne ko ke kika girme ni, abin yana raguwa da shekaru kuma kowa da nasa, wani haka Allah ya yi shi da ƙaramar lamba yana lafiya ƙalau, ke da kanki zaki gwada, ta yau da ta satin da ya wuce. Ya bar min bel ɗin ya koma Abuja.

Na ɗauki littafin rubutu ɗaya cikin na yara na ja layi, kwanan wata, awa nawa nayi bacci, wane aiki nayi jiya, lamba, bugun zuciya, sai yadda nake ji a raina da kalma ɗaya ko biyu. Wajen sati biyar ina yi ban canza komai a rayuwata ba. Da na zauna wata Juma'a na bi littafin daga farko sai ga rayuwata a shimfiɗe. In na kwana biyu a jere a gida lambar tana kaiwa 30 ko 32, bugu ya sauko wajen 74. In nayi daren asibitinmu na ɗora da daren asibitin kuɗi sai ta faɗo 16 ko 17 bugu ya haura kusan 90, kuma bata dawowa washegari, sai ta kwana biyu uku a ƙasa, kafin ta farfaɗo wani daren ya sake zuwa. Ma'ana a wata guda kwanakin da jikina yake dawowa daidai basu fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Na ga ƙananan abubuwa ma, daren da naci tuwo ƙarfe 11 na kwanta, ranar da na sha baƙin shayi bayan magariba, ranar da muka samu saɓani da Abban yara na kwana da abin a raina, duk sun fito. A layin ƙarshe kuwa kalmar da tafi yawa ita ce "ba komai", haka nake rubutawa, bana jin komai.

Nayi kuka ranar sosai. Umma ta faɗa banji ba, jikina ya faɗa na ƙaryata shi, sai da na gani a rubuce da hannuna. Gani ya kori ji.

Na kai littafin wajen wata babbar likita da muke aiki tare wadda nake jin nauyinta. Ta duba a nutse tace Sista wannan bel ɗin ba ya gano cuta, alama kawai yake baki cewa jiki yana cikin matsi, bai san dalili ba, dalilin mu zamu nema. Ta sa akayi min ECG, wato gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa, aka duba yawan jinina da suga da tayirod. Zuciya lafiya, jinina ne ya ɗan yi ƙasa ta rubuta min maganin ƙarin jini. Sannan ta rufe ƙofa tayi min tambayoyin da ba wanda ya taɓa min, ina jin daɗin abin da na saba jin daɗinsa, ina kuka ba dalili, na taɓa jin gara ma ace bana raye. Na amsa mata tsakani da Allah. Ita ce ta gaya min abin yana da suna, burnout ake ce masa da Turanci, tun 1974 wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka mai suna Herbert Freudenberger ya rubuta akai bayan ya ga yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York suke ƙarewa, shi kansa har da shi, sunan da ya ba abin yana nufin kamar fitilar da ta shanye mai har ta koma cin lagwani. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a kundinta a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, bata lissafa shi a cuta ba, ta ba shi alamomi uku, ƙarewar ƙarfi, sai mutum yaji zuciyarsa ta yi nisa da aikin ko ya tsane shi, sai kuma aikin nasa ya daina kyau. Tana lissafowa ina ganin yaron nan da na rufe da zani da sirinjin nan a hannuna. Ta tura ni wajen mai ba da shawara a ɓangaren ƙwaƙwalwa, da farko naji kunya kar a ganni a layin, amma naje sau huɗu kuma naji amfaninsa.

Akwai kuskuren da nayi da ya kamata in faɗa. Wajen watan Fabrairu na koma tsoron lambar, in kwanta ina tunanin me zata nuna gobe, in ta fito ƙasa sai in sake aunawa sau biyu sau uku, ranar duk ta lalace min tun kafin ta fara. Da na gaya wa Dakta tace lambar rana ɗaya tana hawa tana sauka ko a mai lafiya, in riƙa kallon matsakaicin sati, in auna sau ɗaya in rubuta in rufe littafin sai Juma'a. Har sati guda ta sa na ajiye bel ɗin gaba ɗaya.

Wajen mai ba da shawarar na koyi numfashi a hankali, kamar sau shida a minti, in ja ina ƙirga huɗu in sauke ina ƙirga shida, minti goma. Na gwada da bel a jikina ina kallon waya, layin bugun yana hawa yana sauka kamar igiyar ruwa tare da numfashina, abin ya bani mamaki ƙwarai ganin birkin nan yana aiki a gabana. Ƙanina ya turo min labarin wani bincike da wani likita ɗan Italiya Luciano Bernardi ya fitar a 2001, inda suka ga masu jan carbin addu'ar Kiristoci da masu maimaita kalmomin yoga numfashinsu yana sauka wajen shida a minti da kansa. Ni dai abin da na ɗauka shi ne na daina sallame sallah in miƙe a guje, bayan asuba da bayan isha'i ina zama akan dardumata in yi azkar ɗina a nutse ba gaggawa, sannan in yi numfashin. Don Allah nake zikirina, natsuwar da jiki ke samu kuma ƙari ce daga gare Shi.

Azumin 2024 ya kama a watan Maris cikin zafin Kano, ga sahur ga aikin dare biyu. Satin farko lambar ta sauka, na ƙara shan ruwa tsakanin buɗa baki da sahur na rage soye-soye ta ɗan daidaita. Wajen goma ta tsakiya sai ta faɗo 14 kwana biyu a jere bugu ya haura 95 alhali banyi aikin dare ba, ina jin kasala kawai. Daren na biyu zazzaɓi ya rufe ni, aka gwada maleriya ce. Ina kwance a gida ana min allura ina kallon silin, anan na yanke shawara.

Bayan sallah da kwana uku na ɗauko littafin na ajiye gaban Abban yara bayan yara sun kwanta. Na nuna masa layi layi. Ya daɗe shiru yana juya shafi sannan yace Maman yara me yasa baki gaya min ya kai haka ba, nace ni ma ban yarda ya kai ba. Yace Annabi SAW ya ce wa sahabin da ke azumi kullum yana tsayuwar dare lallai jikinka yana da haƙƙi a kanka, ibada ma kenan balle neman kuɗi, ki ajiye aikin asibitin kuɗin nan Allah zai rufa asiri. Ba ƙaramin abu bane a wajenmu, na fita daga adashi ɗaya cikin biyun da nake yi, mun cire babban daga makarantar da yake muka mai da shi wata mai sauƙi kusa da gida, nama ya koma sau ɗaya a sati, har yanzu akwai watan da sai mun ci bashi kafin albashi ya shigo. Na kuma samu metiron ɗinmu, abin da ban taɓa yi ba a shekara 11, nace Ma ina roƙon in an sa ni dare a bar min hutun da ke bayansa cikakke kar a kira ni cike gurbi, tace Sista kowa a gajiye yake, nace na sani Ma, amma na kusa yin kuskuren allura. Ta kalle ni ta jawo rosta ta gyara.

Ba dare ɗaya na warke ba. Sai da aka yi wajen wata uku kafin matsakaicin satina ya zauna tsakanin 34 da 38, baccina ya dawo kafin lambar ma ta dawo. Masu tambayata a wajen aiki ko sai sun sayi bel, ina ce musu akwai manhajar da ke aunawa da kyamarar waya ka ɗora yatsa, irin HRV4Training, akwai agogon hannu ma, sai dai bel ɗin ƙirji yafi daidai kuma lambar wata na'ura bata haɗuwa da ta wata, Apple Watch ma wani lissafi yake nunawa daban da ake kira SDNN. Mai shan maganin zuciya ko na hawan jini ya tambayi likitansa don wasu magungunan suna canza lambar, wanda kuma zuciyarsa ke tsallake zai iya ganin lamba babba yayi ta murna alhali matsala ce. Ciwon ƙirji, haki, jiri ko suma kuwa ba maganar manhaja bace, asibiti za'a tafi a lokacin.

Yanzu sau uku ko huɗu nake aunawa a sati, littafi na uku nake ciki. In na ga kwana uku a jere tana ƙasa da inda ta saba bana karɓar canjin diyuti, bana zuwa biki a satin, ƙarfe tara na kashe waya. Daminar da ta wuce ɗakin ya sake cika kamar kullum, wata yarinya 'yar shekara biyu da muka kwana huɗu muna fama da ita Allah ya karɓi abarsa da hantsi. Na rufe ta na riƙe uwar har 'yan uwanta suka iso, sannan nace wa abokiyar aikina ta riƙe min ɗakin minti biyar, na shiga banɗaki nayi kuka na wanke fuskata, na dawo na ɗauki fayil ɗin gado na bakwai.